Fentin fuska ɗaya ba ya hana filawud kantarewa: martani

Siririn filawud, wato mai kaurin milimita 3 zuwa 6, yana cikin kayan da kafintocin ƙasar Yauri suka fi taɓawa. Da shi ake rufe bayan durowa da kabad na kayan ɗakin amarya, da shi ake lulluɓe ƙyaure ciki da waje, ana yin silin da shi, ana kewaye shagon tireda, ana yanka allon talla da baƙin allon aji. Kukan masu saye kuwa iri ɗaya ne daga Yelwa har Wara da Shanga: ba ya cika shekara sai ya kantare, ko ya yi tumbi a tsakiya, ko kusurwa ɗaya ta ɗaga ta tumɓuke ƙusa. Wani marubuci ya taɓo wannan matsala a kwanan baya. Ya ɗora laifin a kan laimar tafkin Kainji, ya kuma ba da magani: a yi wa fuskar da ke kallon waje shafi uku na fentin mai, mai kauri, domin ya toshe wa ruwa hanya. Bayan falle kuwa, tunda bango ko kwano yake kallo, a bar shi yadda yake, don fentinsa asarar kuɗi ce. Shafin farko da masu fenti ke kira andakot, a ganinsa, dabarar 'yan kasuwa ce kawai. Hujjarsa jiragen ruwan katako, waɗanda ya ce ta waje kaɗai ake shafa musu fenti, suna kwana cikin ruwa ba su kantare ba. In an bi shawararsa fallen ya lanƙwashe, to filawud ɗin ne ɗan China marar kyau.

Maganar tana da daɗin ji, musamman ga mai ƙaramin jari, amma ginshiƙinta a karkace yake. Fentin fuska ɗaya shi ne yake haddasa kantarewar a mafi yawan lokuta, kuma ana gane haka da zarar an duba yadda aka ƙera filawud da yadda itace yake sha da fitar da ruwa.

Ana samun filawud ne ta feƙe gungumen itace a kan injin da ke juya shi a gaban doguwar wuƙa, itacen ya riƙa warwarewa kamar bandir ɗin yadi. Sai a yanka wannan fatar itace, a busar da ita, a jera ta hawa-hawa, a manne da gam cikin zafi da matsi. Jerin yana da ƙa'ida biyu. Jijiyar kowane hawa tana gicciye ta wanda ke ƙarƙashinsa, sannan adadin hawan ba ya rabuwa biyu daidai: 3 ne, ko 5, ko 7. Dalilin gicciyewar shi ne itace ba ya motsi daidai ta kowace fuska. Daga ɗanye zuwa busasshe ƙayau, tsawonsa ta bin jijiya ba ya raguwa fiye da kashi 0.1 zuwa 0.2 cikin 100, amma ta gicciye yakan tsuke da kashi 3 zuwa 10, gwargwadon irin itacen da yadda aka yanka shi. In an gicciya su, kowane hawa yana riƙe maƙwabcinsa ta inda maƙwabcin yake son buɗewa. Dalilin adadin kuma shi ne a sami hawa ɗaya a tsakiya, duk abin da ke samansa yana da tagwai a ƙarƙashinsa, kauri ɗaya, jijiya ɗaya. Filawud mangala ce a bayan jaki: muddin ɓangarorin biyu nauyi ɗaya suke, tana zaune daram, a rage ɗaya ko a ƙara wa ɗaya, ta zame. Miƙewar falle ba ta da wani sirri da ya wuce wannan daidaito.

Itace, ko an yanke shi shekara hamsin, bai daina hulɗa da ruwan da ke cikin iska ba. Ba sai ruwan sama ya taɓa shi ba. Idan laimar iska tana kashi 20 cikin 100, ruwan da ke jikin katako yakan tsaya wajen kashi 4 zuwa 5 na nauyinsa. A laima kashi 65 yakan kai 12, a kashi 80 ya kai 16, a kashi 90 ya kai wajen 20. Duk ƙarin da ya samu kumbura ce, duk ragi tsukewa.

A nan ne kuskuren marubucin na farko yake, inda ya ɗauki tafkin a matsayin mai laifi. Legas ta fi Yauri laima nesa ba kusa ba, amma tazarar da ke tsakanin damina da rani a can ba ta kai ta Arewa ba, kuma kafintan Sakkwato da na Katsina, waɗanda ba su da wani tafki a kusa, suna fama da kantarewar nan kamar kowa. Abin da ke wahalar da katako sauyi ne. Yelwa tana samun ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, kusan duka tsakanin Mayu da Oktoba, kuma a Agusta iska takan cika da laima har tufa ta ƙi bushewa a kan igiya. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu yana kaɗawa, leɓe ya tsage, laimar tsakar rana ta faɗi warwas. Katakon da ya riƙe ruwa kashi 16 a Agusta yana iya sauka zuwa 5 ko 6 a Janairu. Rawar da tafkin ke takawa ta daban ce, kuma ta fi wadda aka ɗora masa sarƙaƙiya. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwan da ya taru a bayanta, mai tsawon kilomita 130 da wani abu, cika biyu yake samu a shekara. Farin ruwa yana zuwa da damina daga kogunan kusa. Baƙin ruwa kuwa daga tsaunukan Gini yake tasowa, ya ɓata watanni yana ratsa fadamun Mali, ya iso a tsakiyar hunturu. Ke nan tafkin yana cike a daidai lokacin da iska ta fi bushewa. Shagon da ke bakin ruwa yana kwana cikin raɓa, ya wuni cikin busasshiyar iska. Abin da katakon cikin gari yake gani sau ɗaya a shekara, na bakin tafki yana ɗanɗana kaɗan daga cikinsa kowace rana.

Idan fuskokin falle biyu suna sha tare, suna bushewa tare, fallen zai ɗan ƙaru ya ɗan ragu amma yana nan a miƙe. Idan an rufe ɗaya an bar ɗaya, labari ya sauya. Da damina bayan da ba shi da fenti yana shan laima cikin sa'o'i, ya miƙe, fuskar da aka rufe tana nan a bushe ba ta motsa ba. Sai bayan ya yi doro, fuskar ta lotsa. Da hunturu bayan ne yake fara bushewa ya tsuke, sai fallen ya juya, fuskar fenti ta turo tumbi waje. Duk wanda ya taɓa ganin takardar da aka jiƙa gefe ɗaya ta naɗe ya ga wannan al'amari a ƙarami. Kafintoci ma sun san shi ta wata ƙofa: saman teburin da aka liƙa wa fomaika ba a liƙa wa ƙasansa komai ba, shi ne yake ɗaga baki bayan 'yan watanni.

Bambancin da ake bukata kaɗan ne ƙwarai. A ɗauki falle mai faɗin santimita 122 da kaurin milimita 4, a ce bayansa ya fi fuskarsa miƙewa da rabin milimita a kowace mita, abin da ido ba zai gani ba. Lissafi ya nuna tsakiyarsa za ta ɗaga da santimita 2 da 'yan kai. Ɗagawar da wannan bambancin zai jawo a jikin filawud mai milimita 18 wajen rabin santimita ce kawai. Ga kuma ƙarfin jure lanƙwasa, wanda ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da kauri: in kauri ya ninka biyu, ƙarfin ya ninka takwas. Shi ya sa abin da mai kauri zai shanye ba a gani ba yake naɗe siriri.

Kuskure na biyu shi ne zaton fenti yana toshe ruwa ɗungurungum. Fenti yana korar ɗigon ruwa, amma laimar iska tana ratsa shi a hankali. Cibiyar binciken kayan itace ta gwamnatin Amurka, Forest Products Laboratory da ke Madison a jihar Wisconsin, ta wallafa sakamakon wani gwaji a 1985 wanda har yau ake dogara da shi. An shafe ƙananan katakai ta kowace fuska da fenti iri-iri, aka ɗauke su daga iska mai laima kashi 30 zuwa mai kashi 90, ana auna nauyinsu bayan kwana 1 da 7 da 14. Fentin ruwa irin na bango, ko da shafi uku ne, bayan mako guda ba shi da bambanci da katakon da ba a shafa wa komai ba. Fentin mai mai ƙyalli, shafi uku, ya tare wajen kashi huɗu cikin biyar na laimar bayan mako biyu, shafi ɗaya kuma ya tare wajen rabi. Waɗanda suka haura kashi 90 su ne irin su kakin da aka tsoma katako a ciki da fentin ifoksi mai haɗi biyu. Kuma dukansu kariyarsu raguwa take yi kwana bayan kwana. Gwajin mako biyu ne. Daminar Yauri wata biyar ce zuwa shida. Aikin fenti dai jinkirtawa ne, ya sa ruwan ya shiga sannu ya fita sannu, yadda tsakiyar falle da fuskokinsa za su tafi tare. Wannan jinkirin alheri ne in ya shafi fuska biyu. In ya shafi ɗaya, shi ne ainihin ciwon, domin duk shafin da aka ƙara wa gaba yana faɗaɗa tazarar da ke tsakaninsa da baya. Shafi ukun da marubucin ya yi alfahari da su sun fi shafi ɗaya ɓarna. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Cewa bayan falle a ɓoye yake, ba abin da ke samun sa, magana ce ta wanda bai taɓa jawo durowa daga jikin bango a watan Satumba ba. Bangon bulo da na ƙasa duk suna riƙe danshi da damina, kuma ratar da ke tsakaninsu da durowa ba ta samun iska, shi ya sa funfuna take fara fitowa a can. Silin ya fi muni. Fuskarsa ta ƙasa tana cikin inuwar ɗaki, hankali kwance. Ta sama ita ce take shan gashin kwano da rana, da asuba kuma zufar da ta taru a cikin kwanon ta ɗiɗɗiga mata, ga yoyon ramin ƙusa da damina. Fuskar da aka ce a bari tsirara ita ce take cikin wahala, wadda aka ce a yi wa shafi uku ita ce take hutawa.

Akwai wurin da rubutun bai ambata ba ko sau ɗaya, kuma ta nan ne yawancin fallaye suke mutuwa: baki. Jijiyar itace bututu ce, kamar cikin karan dawa. Ta gefe ruwa yana shiga da ƙyar, ta bakin da aka yanke kuwa zuƙa take yi, sau da yawa fiye da gefen. Saboda an gicciya hawan filawud, babu bakin da za a yanka a rasa jijiya a buɗe. Kowane gefe huɗu yana da nasa. Ƙasan ƙyauren da ke shan ruwan wanke daɓe da feshin damina, saman allon talla da raɓa ke kwanciya a kai, ƙasan bangon shago da ke taɓa ƙasa, duk ta baki suke fara kumbura, gam ya saki, hawan su rarrabu kamar shafukan tsohon littafi. Mai fenti ba ya cire ƙyaure ya shafa ƙasansa da samansa, don ba mai gani. Bakin falle guda gaba ɗayansa bai kai faɗin faifai ba in an tara shi, fentin da zai ci bai taka kara ya karya ba, amma sai an yi masa shafi biyu ko uku kafin ya ƙoshi, bayan an cike ramukan cikinsa da foti.

Batun andakot yana da ɗan inda za a saurari marubucin, domin abin da ake shafawa da wannan suna a wurare da dama ba andakot ba ne. Wani fentin ruwa ne na bango ake shimfiɗawa a ƙarƙashin na mai don a rage kuɗi. Wani kuma jan fentin ƙarfe ne, wanda aka yi don hana tsatsa a ƙofa da taga, ba don katako ba. Wanda ya ga irin wannan ya ce yaudara ce bai yi ƙarya ba. Amma lalacewar jabu ba ta soke amfanin na gaske. Fenti ƙurar launi ce da mai mai ɗaure ta. Sabon katako yana tsotse man ya bar ƙurar a sama ba mariƙi, shi ya sa shafin farko a kan tsiraran filawud yake fitowa dabbare-dabbare, nan ƙyalli can dishi-dishi, daga baya ya ɓamɓare. Ban da haka, wuƙar da ta feƙe itacen tana barin ƙananan tsaga a jikin fatar, waɗanda suke buɗewa da hunturu su tsattsaga fentin da ke kansu layi-layi. Andakot na katako an haɗa shi ne don ya nutse, ya cike waɗannan tsaga, ya daidaita ƙishin katakon, ya ba shafin sama abin kamawa. Wanda ya fi tare laima shi ne mai garin alminiyam a ciki, don ƙwayoyinsa fale-fale ne, suna kwanciya ɗaya bisa ɗaya kamar ɓawon kifi, laima ta rasa miƙaƙƙiyar hanya. Inda ba a same shi ba, a sirka fentin man da za a yi aiki da shi da tina kimanin kashi ɗaya cikin goma a yi shafin farko da shi. Wannan daban yake da al'adar tsinka galan da fetur ko kananzir har ya koma ruwa don ya isa gida guda; abin da yake saura a jikin katako bayan fetur ya tashi launi ne kawai.

Hujjar jirgin ruwa kuwa, in an dube ta da kyau, gaba take yi da mai ita. Falankin jirgi itace ne guda, ya ninka siririn filawud kauri sau da yawa, an kuma ɗaure shi da ƙusoshi a jikin haƙarƙarin jirgin, ba shi da wurin motsi. Cikinsa ma ba a bushe yake ba. Duk wanda ya tsallaka tafkin ya ga yaron jirgi yana kwarfe ruwa, wato fuskokin falankin biyu a jiƙe suke tare, daidaiton da ake nema ya samu ta hanyar ruwa. Kumburar ma so ake yi, don ita ce take matse haɗin falankai. A jawo jirgin tudu ya yi makonni a rana, ratar da za ta buɗe a tsakaninsu za ta ba da amsa. Launukan da ake ƙawata jirage da su ranar bikin Rigata ado ne. A ƙasashen da ake ƙera jirgi da filawud, ba na kabad ake ɗauka ba. Akwai na ruwa, wanda Birtaniya ta gindaya wa ƙa'ida mai lamba BS 1088, kuma maƙeran suna rufe fuskokinsa biyu da bakinsa kafin ya taɓa ruwa.

Saura kuɗi, wanda shi ne zuciyar maganarsa. Falle guda ƙafa 4 ne a ƙafa 8, wato santimita 122 a 244, kowace fuska kusan murabba'in mita 3. Shafi ukun da ya ce a yi wa gaba sun cinye fentin murabba'in mita 9. Andakot ɗaya da shafin sama ɗaya a kowace fuska sun ci na 12. Lita guda ta fentin mai takan rufe wajen murabba'in mita 10 a shafi ɗaya. Ashe duk rigimar a kan abin da bai kai sulusin lita ba ce a kowane falle, kuma bayan ba ya bukatar launi mai tsada ko hannu mai kyau. Ragowar gwangwanaye da aka haɗa ta isa, muddin irin fentin ɗaya ne da na gaba, adadin shafin ma ɗaya. A ɗora wannan a ma'auni da kuɗin sabon falle, da ladan kafinta, da sunan da zai ɓaci idan uwar amarya ta dawo da ƙorafi.

Inda marubucin ya yi gaskiya shi ne akwai filawud ɗin da ba fentin da zai cece shi. A zamanin da kamfanin African Timber and Plywood na Sapele, wanda ya fara wannan sana'a a ƙarshen shekarun 1940, yake ciyar da kasuwar Najeriya, tsofaffin kafintoci sun saba da falle mai fata mai kauri. Yawancin na yanzu daga China yake zuwa, kuma a cikinsa akwai nagari akwai na banza, gwargwadon kuɗin da ɗan kasuwa ya biya. Sunan ƙasa ba ya raba su. Mai arha fatarsa ba ta kai rabin milimita ba, cikinsa guntaye ne da ramuka, wani wuri hawa ya hau kan hawa. Idan jijiyar wani hawa ta karkace ko an manne shi da sauran danshi, fallen a murɗe yake tun daga masana'anta, kuma murɗewa ba ta jin magani. Gam ɗin da aka fi sani ma iri biyu ne. Na yuriya, mai haske, na cikin ɗaki ne, yana saki in ya daɗe a jiƙe. Na finol, wanda aka fara amfani da shi a shekarun 1930, yana barin layi mai duhu a bakin falle, kuma ko tafasa ba ta sa shi saki. Gwajin ba shi da wuya: a yanki guntu kamar akwatin ashana, a tafasa shi sa'a guda ko biyu, a shanya. Wanda ya rarrabu bai dace da allon waje ko bangon shago ba, komai fentin da zai sha. Amma a ce duk fallen da ya kantare daga masana'anta ne, hanya ce ta wanke shawarar daga laifin da ita ta jawo.

Wani kaso na laifin ma na hanya ne da ajiya. Mafi yawan filawud ta Legas yake shigowa, ya biyo Ilori da Jebba da Mokwa da Kontagora. Wanda ya bar laimar bakin teku ya sauka Yelwa a Janairu ɗauke yake da ruwan da zai zubar cikin kwanaki. Na saman tari yana bushewa ta fuska ɗaya, ya ɗaga baki tun a shago, haka wanda aka jingina a bango rana tana dukan gefe ɗaya. Ya kamata a kwantar da fallaye a inuwa, a kan katakai uku ko huɗu da suka raba su da ƙasa, a sa 'yan sanduna tsakaninsu don iska ta ratsa, a ɗora nauyi a sama, a ba su kamar mako guda kafin a yanka. Wanda ya shafa fenti a kan falle mai danshi ya rufe ƙofa da ɓarawo a ciki.

Ko an yi duk wannan, siririn falle ba ya tsayawa da ƙafarsa. Ƙirgin da aka shanya ba a kafe shi da turaku ba naɗewa yake yi, kuma firam shi ne turakun filawud. Mai milimita 3 ko 4 yana son katakon tallafi a bayansa kowane santimita 30 zuwa 40, mai 6 yana iya jure abin da ya ɗan fi haka. Firam ɗin kansa sai ya zama busasshe, don ɗanyen tubaitu yana murɗewa ya tafi da fallen. Ana fara ƙusa daga tsakiya a yi waje, kamar mai shimfiɗa tabarma, kada a kulle tumbi a ciki. Tsakanin falle da falle a bar rata kamar milimita 3, musamman in da hunturu ake aikin, lokacin da katako yake a mafi ƙanƙantarsa. Silin ɗin da aka matse baki da baki a Janairu ba shi da wurin miƙewa a Agusta sai ƙasa: ƙarin da bai kai milimita ɗaya ba a tsakanin katakai biyu masu ratar santimita 60 yana iya zama tumbin santimita guda. Ƙyaure kuma a lulluɓe shi da filawud iri ɗaya ciki da waje. Mai kyau a waje, mai arha a ciki, wata mangalar ce da ba ta daidaita ba.

Jerin aikin shi ne a gama yanka da huda tukuna, sannan a goge da sanfefa mai laushi ta bin jijiya, da sauƙin hannu, don fatar ba ta da kaurin da za a ci. A kaɗe ƙura, a fara da baki, a yi wa baya andakot, a juya fallen a ɗora shi a kan tsinin ƙusoshin da aka kafa a jikin katako, a yi wa gaba a ranar. Wannan ya fi zama dole in fentin ruwa ne, don ruwan cikinsa yana kumbura fuskar da ya taɓa nan take. A bar shi ya bushe a inuwa inda iska take ratsa sama da ƙasa, ba a rana ba, a sake shafi washegari. A bakin tafki a jira raɓa ta ɗauke kafin a fara, a kuma daina da wuri yadda fentin zai kama jikinsa kafin ta dare ta sauko. Duk wannan kafin a kafa fallen ne, domin bayan silin da bayan durowa ba sa sake ganin buroshi. Mai kankare tsohon fentin mai, musamman ja da rawaya, ya jiƙa shi kafin gogewa, ya kuma nisanta yara, don wasu suna ɗauke da dalma. Abin da gubarta ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, kodayake daga ƙurar dutsen zinariya ta fito a can, ya isa a san ba ƙurar wasa ba ce.

Fallen da ya riga ya kantare saboda fentin fuska ɗaya yakan gyaru in gam bai saki ba. A cire shi, a duba wace fuska ce ta lotsa. In tsiraran bayan ne ya lotsa, bushewa ce ta yi masa yawa: a goga masa tsumma mai ɗan danshi, a kifa shi a kan daɓe mai sumul, a danne da bulo. In bayan ne ya yi doro, ruwa ya sha: a juya shi sama ya sha iska da 'yar rana kaɗan, ana dubawa, don yana iya zarcewa ya lanƙwashe ta ɗaya gefen. Da ya miƙe a bar shi ƙarƙashin nauyi kwana biyu ko uku a inuwa har danshin ya daidaita, sannan a ba bayan da bakin adadin shafin da gaban ya samu, a mayar da shi kan firam mai ƙarin tallafi. Wanda ya murɗe kusurwa da kusurwa ba ya dawowa, sai dai a yayyanka shi ƙanana a yi gindin aljihun tebur da shi. Wanda hawansa suka rabu kuwa ya tashi daga aiki.